Kafin Ka Ce “Na Yarda” a Zaman Sulhu

Duk wanda ya taɓa bin wani bashi, ko rigimar iyakar gona ta same shi, ko rabon gado ya haɗa shi da ’yan’uwansa, ya san maganar da ke fara fitowa daga bakin mutane: “A zauna mana.” Shawara ce mai kyau, ni ma ita nake bayarwa. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, kuma akasarin saɓanin da ke tsakaninmu bai kai a tsaya gaban alƙali ba. Sai dai zaman iri biyu ne, mutane da yawa kuwa ba sa sanin wanne suka shiga sai an shafa fatiha an tashi.

Akwai zaman da mai shiga tsakani ba shi da ikon yanke komai. Aikinsa ya saurare ku, ya sanyaya zukata, ya lalubo inda za ku haɗu. Wannan shi ne sulhu. Maganarka tana hannunka har sai ka sa hannu a takarda. In abin bai yi maka ba, kana iya kaɗe rigarka ka tafi, ba wanda ya isa ya ce an yanke maka hukunci. Akwai kuma zaman da ku biyu kuke ɗauko mutum ku ce masa, “Ga hujjojinmu, duk abin da ka yanke mun ɗauka.” Shi malaman fiƙihu suke kira tahkimi, wato naɗa mai raba gardama, alƙalin da kuka zaɓa da kanku. A irin wannan zama, ranar da ka ce ka yarda, ranar magana ta bar hannunka. Don haka tun kafin a shimfiɗa tabarma ka tambaya cikin ladabi: “Ranka ya daɗe, sasanta mu za a yi, ko hukunci za a yanke?” Wannan ba rashin kunya ba ce, kuma dattijon kirki ba zai ji haushinta ba.

Wani zai ce me zai hana a wuce kotu kai tsaye a huta. Hausawa sun ce shari’a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Ko gaskiyarka a fili take, akwai ɗage zama, akwai kuɗin lauya da na mota, akwai ranakun da za ka rufe shago. In ka yi nasara, abokin shari’arka yana iya ɗaukaka ƙara, magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli. Naira miliyan 5 da kake bi yau, in aka ba ka ita bayan shekara 6, ba za ta sayi kayan da take saya yanzu ba. Zumunci kuma da wuya ya fito daga kotu da ransa. Hatta hukunci da kansa yakan nemi sulhu kafin ya yi aiki: Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi a 2002, amma sai da Kofi Annan ya zaunar da Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, sannan aka kammala miƙa yankin a 2008.

Ban ce a raina kotu ba. Sanin cewa tana nan shi ke sa mai taurin kai ya yarda ya zauna. Inda nake roƙonka kada ka kai maganar bashi shi ne caji ofis. A Najeriya, dokar ’yan sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari’ar laifuka ta 2015 duk sun hana a kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Takardar da aka sa mutum ya rubuta yana tsare, gobe zai ce tilas aka yi masa, kuma yana iya kai ka ƙara kan tauye masa haƙƙi, ka koma kai ne mai biyan diyya.

To, wace rigima ce ta sulhu, wace ce ta tahkimi? A ce ka ba wani abokin ciniki dila goma ta atamfa a Kantin Kwari, wata takwas ba labari. Bai musa ba. Kasuwa ce ta juya masa baya, waɗanda ya ba su ma sun riƙe masa. Babu gardama a kan gaskiya, gardamar a kan yaushe ne, da kuma ta yaya. Wannan ta sulhu ce. A ce kuma ka ɗora tirelar riɗi daga Dawanau zuwa wurin mai fitar da kaya waje a Legas, ya ce kayan da ƙasa da danshi, ya zabtare kuɗin, kai kuma ka rantse tas ka loda su. Kowa yana ganin shi ne mai gaskiya, ba mai saukowa. Abin da kuke buƙata mutum ne da ya san riɗi, wanda zai zura hannu cikin buhu, ya tankaɗe, ya auna, ya faɗi magana ɗaya. Wannan ta tahkimi ce.

Bari mu daɗe a kan sulhu, don shi ya fi shafar yawancinmu.

Rabin aikin yana wurin zaɓen mai shiga tsakani. Nemi wanda ku duka biyu kuke jin nauyinsa, wanda ba ya ci a hannun ɗayanku, mai riƙe sirri, mai haƙurin sauraro, wanda kuma ya san harkar da ake rigima a kai. Tambaye shi kai tsaye ko akwai ciniki, ko surukuta, ko bashi tsakaninsa da abokin rigimarka. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: ba lallai ne wanda ya fi kowa girma ya fi dacewa ba. In mutum ya yi girman da ba a iya cewa a’a a gabansa, kowa zai ce “to” don kunya, a fito waje kowa ya koma kan bakansa. Na fi son dattijon da za ka iya ce wa, “Baba, wannan kam ba zan iya ba,” ya saurare ka bai ɗauka raini ba ne.

Sai shiri. Kada ka tafi da fushi da rantsuwa kaɗai. Tattara littafin bashi, rasit, takardar banki mai nuna kuɗin da suka shiga da waɗanda suka fita, saƙonnin WhatsApp, har da saƙon murya in akwai. Zauna ka rubuta labarin a shafi ɗaya, rana bi rana: ran kaza na ba shi kaya kaza, ran kaza ya turo kaza, saura kaza. Wanda ya zo da lissafi a tsare, maganarsa takan yi nauyi tun bai ɗaga murya ba.

Bayan haka ka tsayar wa kanka adadi uku, ka bar su a cikinka. Na farko, haƙƙinka cikakke. Na biyu, abin da za ka karɓa da daɗin rai. Na uku, ƙasan da in aka gangara bayansa gara ka tafi kotu. Wannan na ukun da lissafi ake fitar da shi, ba da zuciya ba: nawa lauya zai ci, wata nawa ko shekara nawa za a ɗauka, hujjarka tana da ƙarfi ko shaida ɗaya ne tal gare ka, in ka yi nasara ma mutumin yana da abin da za a kama? Wanda bai yi wannan lissafi ba, ko dai ya ƙi tayi mai kyau don taurin kai, ko ya karɓi na banza don gajiya.

Ka kuma tabbata mai wuƙa da nama ne zai zo. In kuɗin na maigidansa ne, ko na kamfani, ko gonar ta gandu ce, a zo da wanda zai iya cewa an gama. In ba haka ba, za ku wuni kuna kai ruwa rana, da la’asar a ce maka, “Sai na je na yi shawara.”

A wurin zama, kada ka kwaso gayya. Mutum ɗaya ko biyu masu hankali sun isa. Bar abokin rigimarka ya yi magana har ya ƙare, ko da kana jin ƙarya a ciki. Rubuta, lokacinka yana zuwa. Kasa kunne sosai, don sau da yawa abin da ke cin mutum ba shi ne yake faɗa ba. Wanda ya kafe a kan dubu ɗari biyu, wataƙila abin da ya tsaya masa a rai shi ne an kira shi macuci a gaban ’yan layi, kuma da za a janye kalmar a gaban waɗanda suka ji ta, da ya sauko. Ƙwararrun masu sulhu sukan keɓe kowane ɓangare su ji ta bakinsa shi kaɗai. In ba a yi ba, nemi a yi. A nan ne mai bashi zai iya cewa, “Wallahi ba ni da su, amma akwai dila huɗu da ban taɓa ba, ga kuma fili a bayan gari,” maganar da ba zai taɓa faɗa a bainar jama’a ba saboda rufin asiri. Duk abin da ka faɗa a keɓe, bayyana wa mai sulhu wanne ka yarda ya kai wa ɗaya ɓangaren, wanne kuma amana ce.

A nan sulhu ya fi hukunci faɗi. Alƙali zai ce a biya ko kada a biya. A zaure kuwa ana iya cewa a dawo da ragowar kaya, a biya saura kashi-kashi, a ajiye takardar fili jingina, wani ɗan’uwa ya tsaya masa, a ci gaba da ciniki amma kuɗi hannu har bashin ya fita.

Ga abin da ya fi damuna. A wurare da yawa an mai da sulhu “ka yi haƙuri, ka bar wa Allah.” Duba ka ga wa ake faɗa wa haka. Kusan kullum mai rauni ne: yaron shagon da ya yi shekaru yana bauta ba a sallame shi ba, matar da mijinta ya rasu ta rage da marayu, ƙanwar da yayyenta maza suka zaune gidan gado, manomin da aka cinye masa gona. Haƙuri abu ne mai daraja, amma sai in wanda ya yi shi ya san haƙƙinsa, yana da ikon karɓa, sannan ya bari don ransa ya so. Wanda aka taru a kansa, manya biyar suna kallonsa har ya ce ya yafe, bai yafe ba, an dai danne shi, kuma maganar za ta sake tashi, in ba a bakinsa ba, a bakin ’ya’yansa. In ka ga an matsa maka, kana da kalmar da ba wanda zai ƙi: “A ba ni kwana uku in yi shawara.” In takarda da Turanci ko Faransanci aka rubuta, kada ka dangwala sai naka mutumin ya karanta maka ita kalma bayan kalma. Ke kuma ’yar’uwa, in al’ada ta hana ki zama cikin maza, zaɓi wakilinki da kanki, ki kuma ce ba a rufe magana sai an dawo an ji daga bakinki.

Musulmi yana da iyakar da zai kiyaye. Ƙa’idar malamai ita ce sulhu halal ne muddin bai halatta haram ba, bai kuma haramta halal ba. A maganar bashi wannan yana da amfani ƙwarai. In lokacin biya ya riga ya yi, ka yafe wani abu ka karɓi saura, kyauta ka yi. Amma a ce an ƙara wa mai bashi wata shida shi kuma ya ƙara kuɗi a kai, wannan riba ce, ko da a zauren malam aka ƙulla ta. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya hana wannan, ya kuma hana a rage bashin da lokacinsa bai yi ba don a gaggauta biya. In yarjejeniyarku ta ratsa irin wannan wuri, a nuna wa malami kafin a sa hannu.

Sai rubutu. Sulhu da yawa a nan yake mutuwa. An yi musabaha, an sha ruwa, an ce “zai riƙa biya a hankali,” kowa ya watse. A hankali nawa ne? Bayan wata uku sai a koma rigima a kan abin da aka ce a zaman, ga tsohuwar rigimar tana nan. Takardar sulhu ba ta buƙatar manyan kalmomi, da Hausa ma ta yi, boko ko ajami. Abin da take buƙata shi ne kada ta bar ƙofa. Misali: wane ya amsa cewa wane yana binsa naira miliyan 4. Zai dawo da dila 3 ranar kaza, a ƙimar kuɗi kaza. Saura zai biya kashi 6, ranar 5 ga kowane wata, ta asusun banki mai lamba kaza. In ya tsallake biya biyu a jere, duk ragowar ta zama abin biya nan take, kuma wane da ya tsaya masa shi zai cika. In an gama biya, ba sauran wata magana tsakaninsu a kan wannan ciniki. Kwanan wata, sa hannun ku biyu, na mai tsayawa, na mai sulhu, na shaidu biyu. Kowa ya tafi da kwafinsa, ya kuma ɗauki hotonsa a waya.

In kuɗin ko kadarar masu nauyi ne, ƙara mataki ɗaya: a mai da takardar hukuncin kotu. A Najeriya akwai cibiyoyin sulhu da ke ƙarƙashin manyan kotunan jihohi, waɗanda ake kira Multi-Door. Legas ce ta fara a 2002, Abuja ta biyo a 2003, Kano a 2009, wasu jihohi suka bi sahu. Kana iya shiga da ƙafarka ba sai ka shigar da ƙara ba, alƙali ma yana iya turo shari’ar da ke gabansa. In kun daidaita, alƙali yakan sa hannu, takardar ta zama hukuncin da aka yi da yardar juna, wanda za a iya zartarwa kamar kowane hukunci. Kotunan shari’ar Musulunci su ma sukan ba masu ƙara dama su je su sasanta, su dawo a rubuta. Hukumar Hisba, wadda Kano ta kafa da doka a 2003, da masu unguwanni, da dagatai, da shugabannin kasuwa, duk suna kashe wuta mai yawa kullum, sai dai takardarsu ba hukuncin kotu ba ce. A Nijar doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rigingimun al’ada da na gonaki, kuma sukan rubuta takardar shaida, ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Kada ka bar fadar mai gari ko ta hakimi ba ka karɓi taka ba, don ita alƙali zai tambaya.

A Najeriya kuma, dokar tarayya ta tahkimi da sulhu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 26 ga Mayu 2023, ta maye gurbin ta 1988, ta kuma ƙara wa sulhu ƙarfi. Abin da aka faɗa a zaman sirri ne, ba a ɗauke shi a kafa hujja da shi a kotu, don haka tayin ragin da ka yi ba zai zame maka igiya ba in zaman ya watse. In ka aika wa mutum gayyatar sulhu a rubuce, kwana 30 suka wuce bai amsa ba, kana iya ɗauka ya ƙi. Sannan wa’adin shigar da ƙara yakan tsaya cak muddin ana cikin sulhun.

Wannan maganar wa’adi kada ka yi wasa da ita. Akwai masu jan mutum da “za mu zauna, za mu zauna” har lokaci ya ƙure masa. Ƙarar bashi ko yarjejeniya tana da iyakar shekaru, a wasu jihohi 6, a wasu 5. A fiƙihun Malikiyya kuma akwai hauzi: in bare ya shekara 10 yana amfani da fili kamar nasa, kana gari, kana gani, ba ka ce uffan ba, ba kuma wani uzuri, da’awarka ta yi rauni ƙwarai. Saboda haka a rubuta ranar da aka fara zama, a kuma yanka ranar da za a gama.

Tahkimi kuwa, a yi masa shiga da ido biyu. A ƙarƙashin dokar 2023 dole yarjejeniyarsa ta kasance a rubuce, saƙon intanet da za a iya adanawa ma ya wadatar. In ba ku faɗi adadin masu hukunci ba, mutum ɗaya ne. In ɗayanku ya tsallake ya kai ƙara, ɗayan yana iya neman kotu ta dakatar ta mai da ku inda kuka yi alkawari. Hukuncin da ya fito ya ɗaure ku, ba a ɗaukaka ƙara don kawai kana ganin mai hukuncin ya yi kuskure. Ƙofar rushe shi ƙarama ce: kamar a ce ba a sanar da kai ba, ko an hana ka kawo hujjarka, ko ya yi hukunci a kan abin da ba ku ba shi ba, ko an yi maguɗi. Wata 3 kacal gare ka daga ranar da hukuncin ya iso hannunka.

Najeriya da kanta ta ɗanɗana. Kwangilar iskar gas da aka ƙulla da kamfanin P&ID a 2010 tana ɗauke da sharaɗin tahkimi. Ba a gina masana’antar gas ɗin ba, amma masu hukunci a Landan suka ce a biya kamfanin dala biliyan 6.6 a 2017, kuɗin ruwa ya kai shi sama da biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 wani alƙalin Ingila, Robin Knowles, ya yanke cewa da zamba aka samo hukuncin. Ƙasa guda ce ta sha wannan wahala kafin ta kuɓuta. Kai ɗan kasuwa, in kamfani ya miƙo maka takardar kwangila, juya zuwa shafukan ƙarshe ka nemi sakin layin da ya yi maganar saɓani. Wa zai yi hukunci, a wane gari, da wane harshe, da dokar wace ƙasa, wa zai biya? In an ce Landan ko Dubai a kan cinikin miliyan 20, kuɗin zuwa kaɗai ya isa ya sa ka haƙura da haƙƙinka. Nemi a mai da shi Kano ko Abuja, mai hukunci ɗaya, a kuma rubuta cewa za a fara gwada sulhu na kwana 30. Ka sani ku ne za ku biya mai hukuncin da wurin zama, don haka tahkimi ba kullum yake da araha ba.

Inda ya yi zarra shi ne cinikin ƙetare iyaka. Najeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta sa ƙasashe suke zartar da hukuncin tahkimin da aka yanke a wata ƙasa. Ga mai fatauci tsakanin Kano, Katsina da Maraɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nijar, Chadi da Kamaru kuma suna cikin ƙasashe 17 na OHADA, masu dokar kasuwanci guda, da kotun haɗin gwiwa a Abidjan, da dokar sulhu tun 2017.

Tahkimin gargajiya, wanda dattawa ko shugabannin sana’a suke yi da baki, shi ma kotu tana ganin girmansa. Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar da haka a shari’ar Agu da Ikewibe a 1991, Ghana kuma ta sa shi cikin dokarta ta 2010. Abin da kotunan Najeriya suke dubawa shi ne ko da son ranku kuka je, ko kun yarda hukuncin zai ɗaure ku, ko an bi al’ada, ko an bayyana hukuncin, da kuma ko wani ya yi watsi da shi nan take. In ba ka gamsu ba, faɗa a wurin, gaban shaidu, ka bi da takarda. In ka yi shiru ka fara aiki da shi, kada ka zo bayan shekara biyu ka ce ba ka yarda ba.

Akwai abubuwan da ba na zaure ba ne. Kisan kai, fashi, fyaɗe, cin zarafin yara, waɗannan na hukuma ne. Duk wanda ya tara mutane don a rufe fyaɗen yarinya da ’yan kuɗi da sunan rufin asiri, ya taya mai laifi ne, kuma ya bar masa hanya zuwa ga wata yarinyar. Malaman Malikiyya ma sun keɓe haddi, da kisa, da nasaba, da li’ani daga abin da mai tahkimi zai taɓa, sun bar wa alƙali. Rigimar aure tana da nata tsari a aya ta 35 ta Suratun Nisa’i: mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Amfani da shi tun wuta ba ta kama ba ya fi jiran sai an kai ga yaji na uku. Amma inda ake duka, a fara raba mace da hatsarin kafin a yi zancen komawa. Gado kuma, a fara lissafa dukiyar duka, a fitar da bashi da wasiyya, malami ko alƙali ya faɗa wa kowa rabonsa da adadi. Bayan nan wanda ya ga dama ya sayar, ko ya yi musaya, ko ya bar wa ɗan’uwansa. Rabon maraya ƙarami ba na kowa ba ne balle a yi kyauta da shi don a zauna lafiya.

In an yi sulhu mutum ya karya, kada ka koma zaman farko. Tuna masa a rubuce sau ɗaya, ka sanar da mai sulhu da wanda ya tsaya masa, ka ba da ’yan kwanaki. In takardarku ta zama hukuncin kotu, rajistara za ka nufa ka nemi a zartar. In takardar zaure ce, har yanzu yarjejeniya ce mai ƙarfi, kuma shari’arka ta gajarta, tunda ya riga ya amsa bashin da hannunsa. Don irin wannan, tambayi ko jiharku tana da kotun ƙananan basussuka, irin wadda Legas ta buɗe a 2018, Kano a 2019. Fom ake cikewa, ba dole sai da lauya ba. Ka tafi da asalin takardar, da shaidar abin da ya riga ya biya, da lissafin abin da ya rage.